Tambayoyi da amsoshi kan sassan karatu a sakandare: me kowane sashe ke koyarwa, kuma ina ya dosa?

Waɗannan tambayoyi ne da kullum sai sun dawo, daga bakin iyaye, daga bakin ɗalibai, har da sababbin malamai da aka jefa cikin sashe ba tare da wani ya zaunar da su ya ce ga inda muka nufa ba. Na gaji da amsa su a tsaitsaye a bakin ƙofar aji shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu amsoshin sun yi tsawo, a yi haƙuri.

Wai ma mene ne sashe a makarantar sakandare?

Sashe, ko dipatmen kamar yadda aka fi faɗa, malamai ne masu koyar da darussan da suke 'yan uwan juna, aka haɗa su ƙarƙashin shugaba ɗaya. Yawanci za ka samu sashen lissafi, sashen kimiyya, sashen harsuna da adabi, sashen tarihi da zamantakewa, na kasuwanci, na sana'a da ƙere-ƙere, na kwamfuta, na zane da kiɗa, sai na motsa jiki da kiwon lafiya, wasu makarantun kuma suna da na addini. A ƙaramar makaranta kam malami ɗaya shi ne sashen, shi ne shugaban sashen, shi ne kuma mai riƙe makullin kabad.

Amma fa a lura, mutane suna cakuɗa abu biyu. Akwai sashe na malamai, wanda shi ne wannan da na faɗa, akwai kuma ɓangaren da ɗalibi ke zaɓa idan ya shiga babbar sakandare, wato a ce wane ɗan sayins ne, wance 'yar at ce, wane ɗan kwamas. Ɗan sayins ai yana zama ajin malamin harshe, ɗan at ma yana yin lissafi. To ka ga sashen malamai ɗaya yana yi wa kowane ɓangare hidima kenan.

Wa ya fara raba ilimi gida-gida haka?

Ba mutum ɗaya ba ne, kuma abin ya daɗe. A makarantun Turai na zamanin da, karatu bakwai ake yi: uku na magana, wato nahawu da manɗiƙi da balaga, sai huɗu na lamba, wato ƙidaya da ilimin siffofi da kiɗa da ilimin taurari. Eh, kiɗa a cikin lissafi suka sa shi, kuma ba su yi kuskure ba in ka duba da kyau. Tsarin da ya fi kama da namu na yau kuwa ya taso ne a ƙarni na 19 lokacin da gwamnatoci suka fara buɗe makarantu ga kowa da kowa. A Amurka misali, an kafa wani kwamiti na mutum goma a 1892 ƙarƙashin Charles Eliot, shugaban jami'ar Harvard a lokacin, suka fitar da rahoto a 1893 kan darussan da ya kamata sakandare ta koyar da kuma lokacin da za a ba kowanne. Daga irin waɗannan zaman ne aka samu jadawalin nan na kararrawa ta buga malami ya fita wani ya shigo.

Ni dai a ganina dalilin rabon da ya fi ƙarfi shi ne kowane fanni yana da nasa hanyar gane gaskiya. Mai lissafi sai ya kawo hujja mataki-mataki. Mai kimiyya sai ya gwada ya auna. Mai tarihi sai ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai samu in an yarda da shi. In yaro ya gama sakandare ya san bambancin waɗannan ukun, to kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Malam, yarona kullum yana tambayata ina wannan x da y za su amfane shi a rayuwa, ni ma na rasa amsar da zan ba shi

Ki gaya masa gaskiya, Hajiya: da wuya wani ya tare shi a hanya ya ce warware min kwadiratik, wato irin lissafin nan na neman x. Amma abin da sashen lissafi ke nema ba shi ne wannan ba. Abin da ake so shi ne yaro ya iya ɗaukar matsala mai ruɗani ya ware abin da ya sani da abin da bai sani ba, ya sa wa wanda bai sani ba suna, shi ne x ɗin nan, sannan ya bi a hankali har ya cimma shi ba tare da ya yaudari kansa a hanya ba. Ita kalmar aljabra ma daga Larabci ta fito, daga al-jabr, cikin aikin Al-Khwarizmi wanda ya zauna a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma daga sunansa ne aka samo kalmar algoridim da masu kwamfuta ke ta faɗa yau.

Ga ɗan gwaji da za ki yi masa. A ɗauki 100, a ƙara kashi 20 cikin ɗari, sannan a rage kashi 20 cikin ɗari, nawa ya rage? Mafi yawan mutane, har manya masu digiri, caraf za su ce 100. Alhali 96 ne, saboda ragin daga 120 aka yi shi. Wanda ya kasa ganin wannan za a cuce shi a bashi, za a cuce shi a talla, za a cuce shi da alƙaluman da 'yan siyasa ke karantowa, kuma zai yi godiya. Darussan sashen dai su ne ƙidaya, aljabra, jiyometiri, tirigonometiri, ƙididdiga da lissafin yiwuwa, sai kalkulas ga waɗanda suka ɗauki lissafi mai zurfi. Da ni ake tambaya da an ƙara wa ƙididdiga lokaci, don ita ce kowa zai ci karo da ita ko ya zama likita ko ɗan jarida.

Me ya sa kimiyya ta rabu uku?

Fiziks tana duba motsi da ƙarfi da haske da zafi da lantarki. Kemistiri tana duba me aka yi abubuwa da shi da yadda suke rikiɗa in sun haɗu. Bayoloji kuma masu rai, tun daga ƙwayar halitta har zuwa daji guda. A ƙananan azuzuwa a haɗe ake koyar da su, sai an girma ake raba su don kowacce ta yi faɗin da malami ɗaya ba zai riƙe duka ba, wasu wuraren ma ana ƙara ilimin noma ko na muhalli a sashen.

Manufar kuwa ɗaya ce, yaro ya koyi cewa magana ba ta zama gaskiya don babba ne ya faɗa. Ibn al-Haytham, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar manyan masana da yawa suna cewa ido ne ke fitar da haske ya gano abu, shi kuma ya bi ta gwaji ya nuna hasken ne ke shiga ido. Mendeleev a 1869 da ya jera sinadarai a teburinsa sai ya bar gurabe babu komai ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna kuma ga yadda za su kasance, sai ga galiyom a 1875, ga jamaniyom a 1886, kusan yadda ya faɗa. Wannan labarin ya kamata a ba yaro kafin a ce ya haddace sinadarai ashirin na farko. Yau teburin yana da 118, kuma haddace su ba ya mayar da kowa ɗan kimiyya.

In kana son ganin manufar da idonka ka leƙa ɗakin gwaje-gwaje ranar taitireshan, wato gwajin da ake ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani ana aunawa har launi ya canja. Yarinya ta riƙe famfon buret, wato dogon bututun gilashi mai layukan awo, da yatsu biyu, ɗaya hannun yana jujjuya kwalba mai ruwan hoda, asid na sauka ɗis, ɗis, ta tsuke baki kamar mai zare ƙaya, sai ɗigo ɗaya tak ya sa launin ya ɓace fes. Ta duƙa ta daidaita ido da layin ruwan ta rubuta lamba. Malami ya ce maimaita. Ta maimaita lambar ta bambanta da ta farko sosai, nan fa ake gane ko an koya mata kimiyya, domin ko dai ta sake na uku da na huɗu har lambobin su matso kusa da juna, ko kuma ta leƙa littafin ta kusa da ita ta gyara nata. Sashen da ya bari yara suka saba da gyaran lamba ya kashe darasin, ko da duk sun ci A.

Makarantarmu ba ta da laboratori, shikenan ba za mu iya kimiyya ba?

Haba dai. Akwai gwajin da dole sai da kayan aiki, wannan gaskiya ne, kuma haƙƙin ɗalibai ne a samar musu. Amma samo zare mai tsawon mita ɗaya ka ɗaura masa ɗan dutse ka rataye ka sake shi yana lilo, ka ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon waya, ka raba da 20, za ka samu kusan daƙiƙa 2. Sa dutse mai nauyi, ka tambayi aji me zai faru, kusan duk za su rantse zai canja, a gwada a ga bai canja ba. Rage tsawon zaren sai ya ƙara sauri. Ga firaktikal cikakke da zare da dutse. Eratosthenes wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa da inuwa ya kimanta kewayen duniya, ya ga inuwar rana a Iskandariya ta karkata kusan digiri 7, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, a ranar da babu inuwa da tsakar rana a garin da yau ake kira Aswan, sai ya ninka tazarar garuruwan sau hamsin. Malamin da ya ce babu lab don haka sai dai a kwafi not, uzuri yake nema.

Sashen harsuna fa, ai yaro ya riga ya iya magana?

Iya magana daban, iya rubuta shafi guda da wani zai karanta ya gane ba tare da ya kira ka a waya ba daban. Sashen nan yana riƙe da harshen da ake koyarwa da shi, da harshen gida, da baƙon harshe kamar Faransanci ko Larabci ko Sinanci gwargwadon ƙasa, sai adabi, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Abin da yake nema huɗu ne da kowane malamin harshe ya sani, saurare da magana da karatu da rubutu, amma a ƙarƙashinsu akwai wani abu, yaro ya karanta rubutu ya gane abin da marubuci ya faɗa da abin da ya ɓoye da kuma inda yake son ya ja shi.

Kuma bari in faɗi abin da malaman sayins ba sa son ji, da yawa daga cikin yaran da ke faɗuwa fiziks ba fiziks ɗin ce ta kayar da su ba, tambayar ce ba su gane ba. Na sha ganin yaro ya san fomula sarai amma an ce masa kwatanta sai ya lissafo, an ce bayyana dalili sai ya ba da ma'ana. Duk sauran sassan a kan kafaɗar sashen harshe suke tsaye, sai dai in an zo rabon kuɗin kayan aiki shi ake mantawa.

Tarihi ba haddar shekaru da sunayen matattu ba ne kawai?

Inda aka koyar da shi da lalaci, eh haka yake. Inda aka koyar da shi da kyau kuwa malami zai shigo da takardu biyu kan yaƙi ɗaya, ɗaya wanda ya ci nasara ya rubuta ɗaya wanda aka ci, ya raba wa aji ya koma gefe ya naɗe hannu. Minti goma ba za a yi ba sai ka ji wani ya ce Malam ai wannan ƙarya yake, wata ta ce kai ta ina ka san ba ɗayan ne maƙaryacin ba, to daga nan darasi ya fara. Wa ya rubuta, yaushe, yana wurin ko labari ya ji, wa ke biyansa. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi ba kowane saƙon WhatsApp ne zai tura wa mutane ba.

A sashen akwai labarin ƙasa, wanda ƙafarsa ɗaya tana cikin kimiyya don yana duba yanayi da duwatsu da koguna, ɗayar kuma tana cikin mutane, ƙaura da birane da yawan jama'a. Akwai darasin gwamnati da na zama ɗan ƙasa, inda ake koyon tsarin mulki da rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu, da haƙƙin mutum da abin da ke wuyansa. Ikonomis kuma wasu makarantun nan suke sa shi wasu su kai shi kasuwanci. A Faransa har falsafa dole ce a ajin ƙarshe, kuma ana zana ta a jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare.

Me ake koya a sashen kasuwanci?

Akawu, kwamas, ikonomis, tallace-tallace, sarrafa ofis, wasu wuraren da darasin kafa sana'a. Manufar ita ce yaro ya iya bin sawun kuɗi, daga ina suka shigo ina suka tafi, ya bambance ciniki da riba, ya bambance jari da bashi. Ƙa'idar nan ta shigar da kowane ciniki sau biyu, debit da kiredit, Luca Pacioli ne ya fara buga bayaninta a littafi a Venis a 1494, kodayake 'yan kasuwar Italiya sun riga shi aiki da ita, kuma har yau manhajar akawun da ke cikin kwamfuta a kanta take tafiya. Masu cewa kwamas mafakar wanda ya gudu daga lissafi ce ba su taɓa kwana suna neman inda tirayal balans, wato jimlar debit da ta kiredit, ya ƙi daidaita ba.

Gaskiya ne sashen sana'a na waɗanda kansu bai ja ba ne?

Wannan maganar tana ɓata min rai wallahi. Zanen injiniya, aikin katako, aikin ƙarfe, wayarin, gyaran mota, ɗinki, kula da gida, duk nan suke, kuma babu ɗaya a ciki da ba ya cin awo da lissafi da haƙuri. A takarda in ka yi kuskuren milimita biyu malami zai rage maka maki ɗaya, a katako kuwa ƙofar ce za ta ƙi rufuwa kowa ya gani. Jamus da ake ta yabon masana'antunta, matasa da yawa can ta hanyar koyon sana'a suke bi, shekara biyu zuwa uku da rabi, wasu ranaku a kamfani wasu a makarantar sana'a, ana biyansu alawus suna koyo, kuma ba wanda ke kallonsu a matsayin ragowa. Matsalar sashen a wurare da yawa ita ce tsada, injin yana son wuta da gyara da kayan aiki, sai a mayar da shi tiyori, ka ga yaro ya zana zarto a littafi ya sa wa kowane ɓangare suna amma bai taɓa yanka katako ba.

Yarana sun fi ni iya waya, me kuma sashen kwamfuta zai ƙara musu?

Iya latsa waya kamar iya hawa mota ne a matsayin fasinja. Sashen yana da aiki biyu, na farko amfani da kayan, wato taifin, sifiredshit, neman bayani da tantance shi, kare fasawod da sanin me bai kamata a ɗora a intanet ba. Na biyu shi ne ainihin kimiyyar, yadda ake fasa matsala ƙanana-ƙanana a rubuta wa na'ura umarni, ana farawa da harsunan ba kwamfuta umarni irin su Scratch a wuce Python. Ingila ta sa wannan cikin manhajar ƙasa tun 2014, daga yara 'yan shekara 5.

Zane da kiɗa da wasanni ba ɓata lokaci ba ne, ga jarrabawa na tafe?

Su ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, na sani. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma yara da yawa in ba a makaranta ba babu inda za su samu. Sashen yana kuma koyar da tsafta da agajin gaggawa da yadda jiki ke canjawa lokacin balaga, abin da iyaye da dama ke jin nauyin faɗa. Zane kuwa koyon kallo ne. Ka ce wa yaro zana hannunka, zai zana abin da yake zaton hannu ne, sai an yi makonni kafin ya fara zana abin da yake gani, kuma wannan idon ne malamin bayoloji ke nema a gaban madubin ƙara girma.

Shi shugaban sashe me yake yi, ban da zama a ofis?

In na kirki ne shi ya fi kowa wahala. Shi ke ɗaukar silabus ya yanka shi zango-zango da mako-mako, ya raba azuzuwa ga malamai, ya duba shirin darasinsu, ya shiga aji ya zauna a baya ya kalli sabon malami sannan ya ja shi gefe ba a gaban yara ba, ya tantance tambayoyin jarrabawa, ya rubuta wa firinsifal buƙatun sashe ya kuma bi sawu har ya gaji. Aikin da na fi ganin darajarsa shi ne daidaita maki. A ɗauko takardar yaro ɗaya a yi kwafi a ba malamai huɗu kowa ya yi makin shi kaɗai, sai ka ga wani ya ba da 12 cikin 20 wani ya ba da 17, a zauna a yi ta musu har a yarda da me ake nufi da amsa mai kyau. In ba a yin wannan to sakamakon yaro ya dogara ne da ajin da ƙaddara ta jefa shi.

Duk wannan manufa da kuke faɗa, ba dai cin jarrabawa ne ƙarshenta ba?

Jarrabawa ƙofa ce kuma dole a wuce ta, malamin da ya ce maki ba komai ba ne yana wasa da makomar yaran mutane. Sai dai akwai wani ma'auni da malamai ke amfani da shi tun 1956, na Benjamin Bloom da abokan aikinsa, aka sabunta shi a 2001, mai hawa shida: tunawa, fahimta, aiki da abu, fayyacewa, yanke hukunci, ƙirƙira. Ɗauki takardar tambayoyin da sashe ya fitar ka duba kalmomin farko. In duk lissafo ne da kawo ma'ana da ambaci, to a hawa na farko aka tsaya, ko me aka rubuta a allon manufa da ke bakin get. Gwajin PISA da ƙungiyar OECD ta fara a 2000, wanda ake yi wa 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya, da gangan yake kawo yanayin da yaro bai taɓa gani a littafi ba don a ga ko zai iya aiki da abin da ya koya, kuma nan ne hadda ke tona wa mai ita asiri.

Darussa nawa ya kamata ɗalibi ya ɗauka a manyan azuzuwa?

Duniya ba ta yi ittifaƙi ba. A Ingila ɗan A-level, wato matakin ƙarshe na sakandare, yakan tsaya kan darussa uku na tsawon shekara biyu, ya nutse sosai amma yana iya rabuwa da lissafi ko adabi tun yana 16. Tsarin IB, wato manhajar ƙasa da ƙasa da aka kafa a Janiba a 1968, ya bi ta ɗaya gefen, darussa shida daga rukunai daban-daban, har da dogon rubutun bincike mai kai wa kalma 4,000. Faransa ta rushe tsoffin ɓangarorinta uku na kimiyya da adabi da tattalin arziki, daga bakaloriyar 2021 ɗalibi ke zaɓen fannoni uku ya rage zuwa biyu a ajin ƙarshe. Amurka kuma akwai darussan dole sannan ɗalibi ya cike sauran da zaɓinsa. Ni na fi karkata ga faɗi a wannan shekarun, don yaro ɗan 15 da ya rantse likita zai zama sau da yawa yana 19 ya canja, kuma ba daɗi a ce ƙofa ta rufe tun kafin ya san tana nan.

Na ji an ce Finlan ta soke darussa gaba ɗaya?

Ba ta soke ba, labarin ne aka yi wa gishiri. Manhajar da ta fara aiki a 2016 ta ce kowane ɗalibi a matakin ilimin bai-ɗaya ya samu aƙalla aiki guda a shekara da ya haɗa darussa da yawa kan jigo ɗaya, kamar a ɗauki ruwa, mai kemistiri ya duba tsaftarsa, mai labarin ƙasa ya duba inda yake fitowa, mai lissafi ya ƙididdige amfani da shi, mai harshe ya sa a rubuta rahoto. Lissafi da tarihi da sauransu suna nan a jadawali. Kowace makaranta za ta iya yin irin wannan in shugabannin sassa suna gaisawa da juna, wanda ba kullum ba ne.

'Yata tana son at, ni kuma sayins nake so ta yi, ya zan yi?

Alhaji, fara da ɗauko sakamakonta na shekara biyu ko uku ka duba, ba na zango ɗaya ba. Sannan ka lura da wane littafi take buɗewa in ba wanda ya sa ta, da wane darasi take jure wa wahalarsa ba ta ajiye biro, don kowane fanni yana da ranar da zai yi ɗaci kuma wanda mutum ke iya haɗiye ɗacinsa shi ne nasa. Ku je tare wurin malamin ba da shawara ku duba sharuɗɗan shiga jami'a na kwas ɗin da take hange, saboda wasu kwasa-kwasan ba sa karɓar mutum in babu takamaiman darasi, kuma lissafi da harshen koyarwa kusan ko'ina ana neman su. Tura yarinya sayins don a ce 'yar wane tana sayins, ta shekara uku tana kuka da kemistiri ta fito da sakamakon da ba zai kai ta ko'ina ba, wannan ba gata ba ne. Lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida da jakadu da yawa ta at suka bi. Haka kuma in gudun lissafi ne kawai ya sa take son at, to a gyara lissafin tukuna a ga ko ra'ayin zai tsaya.

Ana iya canja ɓangare bayan an fara?

Ana iyawa a yawancin makarantu, amma da wuri, cikin zangon farko ko kafin shekarar farko ta ƙare. Daga sayins zuwa at ko kwamas ya fi sauƙi, komawa sayins daga baya kuwa sai da ƙarin darasi don fiziks da kemistiri gini ne bulo kan bulo. Da zarar an yi rajistar babbar jarrabawa da darussan ɗalibi, to magana ta kusa ƙarewa.

In na je duba makaranta, ta yaya zan gane sashe yana aiki?

Kar ka tsaya kan takardar talla, kowa ya iya rubuta manufa. Ka roƙi a nuna maka littafin aikin wani ɗalibi na tsakiya, ba na ɗaya a aji ba. Duba ko malami ya yi gyara da bayani ko kuwa alamar jan biro ce kawai da kwanan wata. Duba littafin firaktikal, in lambobin yara biyar sun zo iri ɗaya sak har bayan ɗigo to daga allo aka kwafa. Leƙa lab ka shafa kan tebur ka ga ko ƙura ce, ka tambayi malamai nawa ne a sashen suka karanci abin da suke koyarwa, da kuma yaushe suka yi taron sashe na ƙarshe. In an ba ka dama ka tsaya bayan taga minti biyar ka saurara ko akwai muryar da ke tashi a ajin ban da ta malami. Sannan ka tare yaro ɗaya a baranda ka ce me kuka yi jiya a fiziks, in ya ce mun yi shafi na 40 ka sake tambayarsa me ke cikin shafin.